Shin Gani Ya Kori Ji?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To amma idan abin da muke gani shi kansa tsohon labari ne, ya halatta mu yanke hukunci da shi?

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba sararin samaniya a watan Disamba na 2021. Hasken gungun taurari masu nisa yakan miƙe a hanya saboda faɗaɗar sararin, har ya wuce launin ja, inda idonmu ba ya kaiwa. Irin wannan haske madubin yake kamawa, sannan wata na'ura ta tsefe shi launi-launi kamar bakan gizo. Manyan taurari masu tsananin zafi ba su da tsawon rai, saboda haka gungun da aka rasa alamarsu a haskensa ya daina haifar sababbi. Masana kan kira shi matacce.

A 2024, masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ba da labarin wani gungu irin wannan. Haskensa ya yi kimanin shekara biliyan 13 a hanya, kuma ya tsayar da haihuwa shekara miliyan 10 zuwa 20 kafin hasken ya taso. Amma sun yi adalci, suka ce mai yiwuwa daga baya ya samu iskar gas ya farfaɗo.

Mu fa? Mu malamai mukan rubuta "ba ya ƙoƙari" a takardar sakamakon yaro, bayan shekara ashirin mu haɗu da shi da iyalinsa, har yanzu daƙiƙin aji biyu muke gani. A taronmu na marubuta kuwa, wanda ya jima bai fitar da littafi ba sai mu ce alƙalaminsa ya bushe, ba tare da mun taɓa tambayarsa abin da ke cikin akwatinsa ba.

Wani zai ce ai dole a yi hukunci. Gaskiya ne, sakamako sai an rubuta shi, littafi sai an yi masa sharhi. Laifinmu shi ne mantawa da kwanan wata. Masanin taurari yakan ce "haka yake lokacin da hasken ya taso". Mu ma mu koyi cewa "haka na san shi a shekara kaza", sannan mu je mu sake dubawa. Shi masanin ba shi da halin zuwa, mu kuwa namu yana bayan layi.