Ƙauna Ta Wata Uku

Karatu: Esta 2:5-7

Kowace shekara ɗalibai daga Turai da Amurka sukan tafi Kambodiya ko Nepal domin koyon aikin kula da yara a gidajen marayu. Sukan yi wasa da su, su koya masu Turanci, bayan wata uku su ɗauki jaka su koma gida. Ba na shakkar niyyarsu. Amma yaron fa? Da ya saba da wannan sai ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Ban kwana nawa zuciyar yaro za ta iya ɗauka?

A Kambodiya gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, yawancin yaran kuwa suna da uwa ko uba da rai. Talauci ya kai su can, kuɗin baƙi ya riƙe su.

Ɗan'uwa, dubi Mordekai. Da Esta ta rasa iyayenta, ya ɗauke ta ta zama 'yarsa, har bayan ta shiga fada kullum yana zagayawa ya ji lafiyarta. A ganina, ɗalibin da ya tafi, gara ya taimaki ma'aikacin ƙasar ya nemo kakar yaron, a biya kuɗin makaranta, yaro ya kwana a gida.