Motar da Ta Lalace a Hanyar Agadas

Daga Damagaram zuwa Agadas tafiya ce ta kimanin kilomita 450, wanda ya yi sammako ma yakan yini a hanya. Da an wuce Tanut gonakin gero sukan ja baya, garuruwa su yi nisa da juna, sai ƙaya da rairayi da makiyaya jefi-jefi.

A ce kai ne direba. Rana ta take, sai ka hango mota a gefen hanya an buɗe mata gaba, wani mutum yana ɗaga maka jarkar da babu kome a ciki. Za ka tsaya?

Dalilan wucewa suna da nauyi. Ruwanka a ƙididdige yake. Fasinjojinka amana ne a wuyanka. Kana so ka isa kafin duhu, ga shi kuwa 'yan fashi sukan yi shigar mabukata. Mai tunanin waɗannan abubuwa ba mugu ba ne.

Amma daji ba gari ba ne. A cikin gari, idan ka wuce mabukaci, kana iya cewa wani zai taimake shi. A hamada mai yiwuwa wanin nan ba zai zo ba sai bayan kwanaki. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. A irin wannan wuri, wanda ya wuce ya yanke hukunci a kan ran ɗan'uwansa, ko da bai yi nufi ba.

Ubangijinmu Yesu ya san wannan gardama ta zuci. A Bisharar Luka sura 10, misalin da ya bayar a kan hanyar 'yan fashi ya faru, tsakanin Urushalima da Yariko. Firist da Balawe suka ratse. Basamariye kuwa ya tsaya, alhali hatsarin da suka gani shi ma ya gan shi. Ka lura da iyakar abin da ya yi: ya ɗaure raunukan, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, kashegari ya biya dinari biyu ya kama hanyarsa. Bai fasa tafiyarsa ba, bai kuwa bar mutum ya mutu saboda ita ba.

Haka ake bukata daga gare ka. Ka tsaya da ɗan tazara, ka duba da kyau. Ka ba da ruwa. In akwai wuri, ka ɗauki marar lafiya ko mai goyo. In tsayawa ta gagara, ka kai labari ga jami'an tsaro a shinge na gaba, kada ka tashi sai ka ga sun ɗauki maganar da gaske.

Mafi yawan wannan shawara tun a tasha ake yanke ta. Wanda ya ɗauki ruwa daidai cikinsa ya riga ya shirya wucewa. Saboda haka, sa'ad da kake lodi da asuba, ka ƙara jarka guda domin maƙwabcin da ba ka sani ba tukuna. Ubangiji ya ba mu zuciyar tsayawa, ya kuma kiyaye mu a hanya. Amin.