Wa Za A Fara Dubawa?

A 2019 ɓarayin Dajin Rugu suka addabi ƙauyukan Batsari da Safana. To, a ce an kawo mutum biyu asibiti jina-jina, manomi da ɓarawon da ya harbe shi, likita kuwa ɗaya. Wa zai fara dubawa?

Zuciya ta ce manomi. Amma mu a ganinmu, wanda rauninsa ya fi tsanani shi ne farko, ko da ɓarawon ne. Tun 1864 aka ƙulla alkawari a Janeba, cewa a yi jiyyar soja mai rauni ko na abokan gaba ne. Likita ba alƙali ba ne. Kadan ya zama mai auna laifi kafin ciwo, ran da aka yi mana ƙage, wa zai ɗaure mana rauni? A warkar da ɓarawo tukuna, sa'an nan shari'a ta karɓe shi.