Furen kabewa da ƙudan zuma: tunatarwa ga ma'abota lazimi da wazifa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya ajiye aya a cikin kowane ganye da kowane ƙwaro. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi kwarin Gulbin Maraɗi da damina, tun daga lambunan Jiratawa har zuwa gonakin Tibirin Gobir, zai ga launin rawaya ta ko'ina: furen tafasa a bakin hanya, furen gyaɗa can ƙasa-ƙasa, furen kuɓewa, da furen kabewar da ta haye danga a bayan gida. A cikinsu duka, furen kabewa ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai wa'azi a cikinsa ga 'yan ɗariƙa.

Allah Ya halicci kabewa da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Ana gane macen da ɗan ƙullin da ke gindinta, wanda shi ne zai zama kabewa. Garin da ke cikin namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, kuma fure ba shi da ƙafar da zai taka zuwa wurin ɗan'uwansa. Sai ƙudan zuma ya shiga namijin neman ruwan zaƙi, garin ya manne a jikinsa, ya wuce da shi cikin macen. Sawu ɗaya ma ba ya isa, sai an yi ta kai da kawowa kafin ɗa ya ƙullu da kyau. Idan ba a ziyarci macen ba, ƙullin nan sai ya yanƙwane ya faɗi, mai gona ya wayi gari da ganye shar, amma babu abin sa wa a miya.

Ba banza ba aka ba sura ta 16 a cikin Alƙur'ani mai girma sunan wannan ɗan ƙwaro, wato Suratun Nahli. A ayoyi na 68 da 69 an ambaci yadda Ubangiji Ya kimsa masa aikinsa, da warakar da ke cikin zumarsa. Shi abincinsa ya fito nema, amma Allah Ya ɗora masa arzikin wasu ba tare da ya sani ba.

Darasi na farko shi ne lokaci. Furen kabewa yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Zaɓaɓɓen lokacin lazimin safe ma haka yake, daga bayan sallar asuba zuwa walaha: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Muridin da ya koma barci, ko ya fara da duba waya, ko ya ruga kasuwa yana cewa sai an jima, ya sani safiyar yau ba ta dawowa. Zai iya yin lazimin daga baya, amma natsuwar wannan sa'a ta riga ta wuce shi.

Darasi na biyu shi ne haɗuwa. A ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, an sharɗanta yin wazifa cikin jam'i matuƙar akwai 'yan'uwa a gari kuma babu uzuri, haka nan zikirin Juma'a bayan la'asar. Hikimar a fili take. Wani yana da ilimi amma zuciyarsa ta bushe, wani yana da shauƙi amma bai san hukunci ba, wani kuma ladabi Allah Ya ba shi. Idan kowa ya zauna a ɗakinsa, abin da ke wurin wannan ba zai isa ga wancan ba. Da'irar wazifa ita ce inda ake ɗaukar alheri daga zuciya zuwa zuciya, sau da yawa mai ɗauke da shi bai ma sani ba.

Akwai kuma gargaɗi. Malaman gona suna hana fesa maganin ƙwari da safe lokacin da furanni suke buɗe, domin yana kashe ƙudan zuma tare da masu ɓarna. Sun ce a bari sai yamma. Zawiyya ma tana da irin nata feshin: tsawa ga sabon muridin da ya yi kuskure a gaban jama'a, gulmar muƙaddami, da gasar wane ya fi wane kusanci da Shehu. Yaro ɗaya da aka kunyata ranar Juma'a kan ɗauke ƙafa har abada, abokansa su bi shi. Daga nan sai a ga zawiyya ta sha fenti da lasifika, amma sahu sai raguwa yake yi. Gyara wajibi ne, sai dai a zaɓa masa lokaci, a yi shi a keɓe, cikin taushin harshe.

Saboda haka, ɗan'uwan da ya kwana biyu bai halarci wazifa ba ya koma yau, wanda kuma ya ga gurbin wani a da'ira ya taka ya gaishe shi. Allah Ya buɗe zukatan 'yan'uwa a lokacin buɗi, Ya haɗa kawunansu a kan son Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.