Nasiha ga Malamin da Zai Koyar da Tsibiran Tekun Indiya

 Idan manhaja ta kawo ka darasin tsibiran Tekun Indiya, kada ka cika allo da sunaye ka ce yara su haddace. Yawancin ɗalibanka ba su taɓa ganin teku ba, abin da suka haddace da ka kuwa ba ya wuce ranar jarrabawa. Ka fara da abin da yaro zai riƙe a tafin hannunsa.

Ka je kasuwa ka sayo wuri da kanumfari. Ka ɗora wa kowane yaro wuri guda, ka tambaye su daga ina ya fito. Ka bar su su yi ta lalube, sannan ka nuna musu tsibiran Maldibs, kudu maso yammacin Indiya. A da, a can mutane ke shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwan gaɓa, halittun da ke cikin wurin su manne, a jawo su tudu, a binne a rairayi har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran wajen shekarar 1343, ya ga wannan sana'a da idonsa. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa kwasar wurin zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka yo arewa da shi. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, wuri 2,500 ake bayarwa a karɓi dala ɗaya ta azurfa. Yaron da ya ji cewa kuɗin kakanninsa daga waɗannan tsibirai ya fito ba zai sake mance inda suke ba.

Daga nan ka fitar da su tsakar makaranta, ku zana taswirar tekun a ƙasa da toka: ƙasar Larabawa a arewa, Indiya a gabas, gaɓar Afirka a yamma. Ka tuna musu yadda iskar hunturu ke zuwa mana daga arewa maso gabas, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Haka iskar wancan teku ke juyawa. Daga Disamba zuwa Maris tana koro jiragen Oman da Indiya zuwa tsibirin Zanzibar, daga Afrilu kuma ta mai da su gida. Ka sa wasu su zama matuƙa, wasu iska, ka hana kowa motsi sai iskarsa ta kaɗa. Da kansu za su gane abin da ya sa baƙin 'yan kasuwa ke yin watanni a tsibiri suna jira, har su yi aure, su hayayyafa, harsuna su cakuɗu. Sai ka ƙara musu da Madagaskar, wadda tazararta da Mozambik kusan kilomita 400 ce kawai, amma harshen mutanenta ɗan'uwan wani harshe ne na tsibirin Borneo, can gabas mai nisa.

Ɗana, ka riƙe amana wajen tarihi. In sun shaƙi ƙamshin kanumfari, ka faɗa musu cewa bayi ne suka nome gonakinsa a Zanzibar da Pemba zamanin Sarki Sayyid Sa'id, kuma ba a rufe kasuwar bayi ta Zanzibar ba sai 1873. Wurin da ke hannunsu ma an sayi mutane da irinsa. Yara suna iya ɗaukar gaskiya idan an faɗa musu ita da natsuwa.

Ka rufe darasin da daro. Ka tara rairayi a tsakiya, ka zuba ruwa, ka sa yaro ɗaya ya riƙa ƙarawa da ludayi har ruwan ya fara cin gefen tudun. Sannan ka gaya musu cewa akasarin ƙasar Maldibs ba ta fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba, kuma tekun yana ƙaruwa saboda ɗumamar yanayi. Ka tambaye su ina mutanen za su koma, ka saurari amsarsu.

Duk wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, shiri yake buƙata. Ka karanta tun kafin ranar darasin, ka gwada daron a gida, kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Allah ya ba ka ikon sauke nauyin, ya sa ɗalibanka su fi ka sani.