Alƙalin da ba a gani: rabon lokaci a mahaɗar hanya

A kowace mahaɗar hanya mai fitilun ba da hannu, ana yanke hukunci sau ɗaruruwa a yini, ba kotu ba lauya. Jar wuta ta tsayar da wannan, koriya ta sallami wancan. Abin da ake rabawa shi ne lokaci, dukiyar da ba a iya mayar wa wanda aka tauye wa. Mene ne, ke nan, rabon adalci?

An kafa fitilar farko a Landan a 1868. Da iskar gas take ci, kuma ba ta daɗe ba ta fashe, ta raunata ɗan sandan da ke sarrafa ta. Ta lantarki ta bayyana a birnin Kilibiland na Amurka a 1914, sa'annan a 1920 wani ɗan sandan Ditiroyit, William Potts, ya ƙara rawaya tsakanin ja da kore. Sannu a hankali ikon tsayarwa ya bar hannun ɗan sanda, ya koma cikin akwatin na'urar da ke gefen titi. Amma akwati ba ya tunani: mutum ne ke sa masa lissafi.

Ga yadda lissafin yake. Zagaye guda, daga kore zuwa wani koren, yakan ɗauki sakan 60 zuwa 120. Motocin da ke jere kan wuce ɗaya bayan ɗaya, kusan kowane sakan 2. A garuruwan Faransa ana ba rawaya sakan 3, domin mai tafe ya samu taka birki. Bayanta akwai ɗan lokacin da kowane ɓangare ke ganin ja, har mahaɗar ta washe. Abin da ya rage shi ake kasaftawa.

Mai gaggawa zai ce a raba daidai wa daida. Sai dai idan hanya ɗaya na ɗauke da motoci ninki uku na ɗayar, rabon daidai zalunci ne: jama'a su yi cincirindo a nan, can kuma koriyar wuta tana haska titin da ba kowa. Don haka injiniyan Ingila F. V. Webster ya fitar da ƙa'ida a 1958, wadda ke ba kowace hanya gwargwadon nauyinta.

Amma ita ma rinjayen yawa ba ta ƙare magana ba. Dokar Faransa tana lissafa tafiyar mai ƙafa a kan mita 1 cikin sakan. Titi mai faɗin mita 14 yana bukatar sakan 14. Tsohuwa mai sanda ba ta kai wannan sauri ba, haka ma amalanken jaki da ke bin kwalta ɗaya da motoci a Yamai. Wanda ya ƙirga motoci kaɗai ya riga ya yanke cewa waɗannan ba su cikin lissafi. Sakan 3 da aka ƙara wa tsohuwa, direbobi ne za su biya shi da jira, kuma ya dace su biya, domin su jinkiri za su yi, ita kuwa ranta ne a kan titi.

A nan darajar sana'ar take. Injiniya ya tsara, amma ma'aikacin lantarki ne ke ja waya, ya saita akwati, ya hau tsani cikin zafin rana ya canja ƙwan da ya mutu. In ya kyautata, ba mai sanin sunansa. In ya yi sakaci, asibiti ce ke shaida. Amana ke nan tsantsa: gyara aiki inda babu mai yabo.

Malamin da ke nuna wa ɗalibi cewa koyon sana'ar hannu makomar wanda ya kāsa ce, ya kamata ya tuna da wannan akwati. Ƙasa na bukatar yaran da suka iya lissafi da waya, kuma aka koya musu tambayar wa aka manta a cikin lissafin.