Ɗan ƙwaya: mai zunubi ne ko majinyaci?

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kutsa wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu bayansu duk shatar bulala. Da yawa daga cikinsu ba sato su aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye ko a gyara musu tarbiyya. Kafin wata ya zagayo aka sake bankaɗo irin wannan gida a Daura.

Uban da ya kai ɗansa gidan mari ba lallai mugu ba ne. Sau da yawa mutum ne da ya kai maƙura: yaro ya sayar da keken ɗinkin uwarsa, ya kwashe kuɗin cefane, an yi nasiha, an yi rubutun sha, an kai ƙara wajen kawu, duk a banza. Lissafin uban mai sauƙi ne. Shaye-shaye saɓon Allah ne, mai saɓo kuwa horo ke gyara shi. Likita kuma ya ce a'a, wannan cuta ce, magani take so. A tsakanin waɗannan maganganu biyu gidaje da dama suke tsaye, sun rasa inda za su dafa.

Batun haramci dai babu gardama a kansa. Malamai sun lissafa kare hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Lokacin da tabar wiwi ta bazu a Masar da Sham, magabata sun yi saɓani a kan hukuncinta: Ibn Taimiyya ya ɗauke ta daidai da giya, mai shanta a yi masa haddi, shi kuwa Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya ce tana gurɓata hankali ne ba irin mayen giya ba, don haka alƙali ya yi wa mai ita horon da ya ga ya dace. Sun bambanta a kan bulala, amma babu wanda ya halatta a sha ta har ta taɓa hankali.

Sai dai fatawa ba ta taɓa hana abu yaɗuwa ita kaɗai ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai dangin tiramol da miliyan 4.6, maganin tari mai kodin kuma miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da kayan mayen, ɗaya mace ce, kuma a Arewa an san kwalbar kodin ta shiga har ɗakunan matan aure, tunda ba ta da wari, ana iya juye ta cikin lemon kwalba a sha a gaban kowa.

A nan ne ya kamata mai wa'azi ya saurari likita. Ɗan acaɓa ko lebura da ya fara haɗiyar tiramol don ya yi aikin yini bai ji gajiya ba, da zaɓinsa ya fara, wannan gaskiya ne. Amma asibiti na ba da miligiram 50 ko 100 ne, alhali wadda ake sayarwa a bayan fage takan kai 225 ko 250. Bayan 'yan watanni jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ba ta yi masa komai, sai biyu, sai uku, daga nan sai faɗuwa irin ta farfaɗiya. Ranar da ya ce ya tuba ya daina kuwa, gumi ya karyo masa, ƙasusuwa su yi ta ciwo, ga gudawa da amai, barci ya ƙaurace. A wannan halin ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Sarƙa tana iya hana shi kaiwa ga ƙwaya na wata shida, amma ba ta taɓa dalilin da ya kai shi gare ta.

Abin mamaki, addinin da ake fakewa da shi wajen ɗaure mutane ya fi masu ɗaurin fahimtar wannan. Ba rana ɗaya aka haramta giya ba. An fara da bayyana cewa cutarwarta ta rinjayi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, sai daga baya a Suratul Ma'ida aka yanke ta gaba ɗaya. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ƙi bari. Akwai kuma labarin sahabin nan da ke cikin Bukhari, wanda aka sha kawo shi saboda giya ana yi masa hukunci. Da wani ya tsine masa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An hukunta laifin, ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba.

Saboda haka amsar ita ce duka biyun ne, kuma wannan ba kwana-kwana ba ce. Zunubi ne a farkon lamari, cuta ce a ƙarshensa, tuba kuma ba ta hana shan magani.

Inda fushin al'umma ya kamata ya fi sauka shi ne kan mai sayarwa. Hadisin da ya la'anci masu hannu a harkar giya bai tsaya kan mashayi ba, ya haɗa da mai yin ta da mai dakonta da mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Amma a unguwa, yaron da ke tangaɗi a bakin kwata shi ake nunawa da baki, mai kemis ɗin da ya miƙa masa kwalbar ta ƙarƙashin kanta kuma yana sahun gaba a masallaci, ana ce masa Alhaji. Sai da BBC ta fitar da bincikenta kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, aka ga yadda ma'aikatan wasu kamfanonin magani ke fitar da shi ta bayan gida, sannan gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, hukumar NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci.

Iyayen da ke da irin wannan yaro a gida su sani akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, kuma kai yaro can ba ya nufin an ce mahaukaci ne. Limamai su ma su riƙa faɗin haka a huɗubar Juma'a, domin uban da ya rasa mafita wajensu yake fara zuwa kafin ya je wajen likita.